Tsadar Kwashe Nakiyoyi Da Bama-baman Da Yaƙi Ya Bari

A kudancin birnin Jidda, can gaɓar Bahar Maliya, akwai wata unguwa da ake kira Madain Fahd. Ita da maƙwabtanta sun yi shekara da shekaru suna karɓar baƙi daga ƙasashe dabam-dabam: Yamalawa, da mutanen Sudan da Somaliya da Habasha, da kuma Hausawa, waɗansunsu jikokin alhazan da suka taka sayyada tun zamanin da akan shekara a hanya kafin a ga Ka'aba, waɗansu kuwa zuwan jirgin sama. Ko da yake aikin rushe tsofaffin unguwanni da hukuma ta yi a 2021 da 2022 ya warwatsa jama'a da yawa, har wa yau in an zauna hira a wannan sashe na birnin da wuya a rasa wanda yake da dangi a ƙasar da yaƙi ya ratsa. Wani nasa suna Ta'iz ko Hudaida, wani suna Khartum, wani kuwa suna Barno. Duk sa'ad da labari ya zo cewa faɗa ya lafa a garinsu, tambaya ɗaya suke yi, watau yaushe za a koma gida a shiga gona. Amsar kuwa takan rataya ne a wuyan waɗansu ma'aikata 'yan kaɗan masu rarrafe da gwiwa suna laluben ƙasa taƙi-taƙi, da kuma wanda zai biya kuɗin aikinsu.

Ita kanta Jidda ba ta yi nisa da wannan al'amari ba. Ran 25 ga Maris 2022 makami mai linzami daga Yaman ya faɗa wa ma'ajiyar mai ta kamfanin Aramco a arewacin birnin. A birnin ne kuma sojan Sudan da rundunar da suke gwabzawa da ita suka sa hannu a kan alkawarin kare farar hula ran 11 ga Mayu 2023. In aka bi gaɓar teku kudu wajen kilomita 700 za a isa lardin Jizan, wanda ya yi iyaka da Yaman, ɗaya daga cikin ƙasashen da nakiya ta fi yi wa katutu a duniya.

Abin da yaƙi ke bari a ƙasa

Masana sun kasa ragowar yaƙi kashi uku. Na farko nakiya, wadda ake binnewa da gangan ta jira mai takawa. Akwai ƙarama ta mutum, wadda sau da yawa ba ta wuce gwangwanin kifi ba, akwai kuma babba ta mota, wadda ba ta tashi sai nauyi mai yawa ya hau kanta. Na biyu su ne bama-bamai da harsasan igwa da rokoki da gurneti waɗanda aka harba ko aka jefa suka ƙi tashi. Na uku kuwa makaman da mayaƙa suka gudu suka bari a rumbu ko a rami. A 'yan shekarun nan an sami ƙari, watau nakiyar haɗin gida, wadda ake haɗawa da jarka ko tukunyar gas da batir, ita ce kuwa ta fi addabar yankin Tafkin Cadi.

Masu wannan sana'a sukan ɗauka cewa a cikin kowane makami goma da aka harba, wajen ɗaya ba ya tashi. Wani ya faɗa cikin rairayi ko taɓo, bugun bai isa ya taɓa kunamarsa ba. Wani an sako shi daga jirgin da ya yi ƙasa ainun, kunamar ba ta sami lokacin ɗanuwa ba. Wani kuma ya daɗe a ajiye tun kafin a harba shi. Tsufa ba ya kashe albarushin da ke ciki. Tsatsa takan cinye ƙarfen da ke riƙe da kunamar, har ya zama bam ɗin da ya kwanta shekara hamsin lafiya ƙalau, bugun fartanya guda ya ishe shi.

Dalilin tsadar aikin

A shekarun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana iya ƙera nakiyar mutum da dala 3 kacal, amma cire ta daga ƙasa yakan ci daga dala 300 zuwa 1,000. Mai sauraro zai so ya san inda wannan rata ta fito.

Da fari sai an san inda abin yake, ga shi kuwa mayaƙa ba safai suke barin taswira ba. Saboda haka ma'aikata sukan fara da zagaya ƙauyuka suna tambayar masu gari da manoma da makiyaya da tsofaffin soja: ina aka yi sansani, ina saniya ta taka ta mutu, wace hanya mutane suka daina bi. Bayan an shata wurin an kewaye shi da duwatsu masu jan fenti, sai a raba shi layi-layi, kowane layi faɗinsa mita ɗaya. Ma'aikaci zai sa rigar sulke da garkuwar fuska, ya durƙusa, ya datse ciyawar gabansa da almakashi bayan ya tabbata babu wayar tarko a ciki, sa'an nan ya shafa na'urar gano ƙarfe a kan ƙasa. In ta yi ƙara sai ya tono daga gefe da tsinken ƙarfe, sannu a hankali, don kada ya danna abin daga sama. Ita na'urar ba ta bambanta nakiya da ƙusa ko murfin kwalba ko ɓaraguzan harsashi, fagen fama kuwa cike yake da irin waɗannan. Mutum yakan yi tono ɗari ko fiye kafin ya ci karo da nakiya guda, kuma tilas ya yi wa kowane tono irin taka-tsantsan ɗin da zai yi wa na gaske.

Ta haka ne ma'aikaci guda yakan wuni bai share fiye da murabba'in mita 20 zuwa 50 ba. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In aka ɗauki 25 a rana, mutum ɗaya zai yi kwana 400 yana aiki kafin ya gama gonar da manomi da shanunsa za su huɗe cikin 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, kowane ayari sai da ma'aikacin jinya da motar asibiti a tsaye, da motoci da wayar sadarwa, da inshorar ma'aikata, da albarushin da za a tarwatsa abin da aka tono. A ƙasashe masu zafi tun da asuba ake farawa a tashi kafin rana ta take, domin gajiya ita ce babbar abokiyar gaba. Soja a lokacin yaƙi hanya kawai suke buɗewa su wuce, ko da an bar saura. Wanda zai miƙa gona ga mai ita kuwa, yara su shiga kiwo, ba shi da damar barin ko guda.

Kuwait da Yaman

Misali mafi kusa da Jidda na ƙasar da ta biya wannan kuɗi daga aljihunta shi ne Kuwait. Iraƙi ta mamaye ta ran 2 ga Agusta 1990, aka fitar da sojanta a Fabrairu 1991. Sun bar shingayen nakiya a hamada da bakin teku, jiragen ƙawance kuma sun bar ƙananan bama-bamai barjat waɗanda rairayi ya hana tashi. Gwamnatin Kuwait ta raba ƙasar yanki-yanki, ta ba da kwangila ga kamfanoni da rundunonin ƙasashe bakwai, watau Amurka da Ingila da Faransa da Masar da Pakistan da Bangaladash da Turkiyya. An cire nakiya sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Kuɗin da aka kashe ya kai tsakanin dala miliyan 700 da 800, ma'aikata 84 kuma suka rasa rayukansu a bakin aiki. Wannan fa ƙasa ce ƙarama mai arzikin mai, mafi yawanta fili fetal babu daji babu dutse, amma duk da haka bayan shekaru makiyaya suna ci gaba da cin karo da saura.

Yaman ba ta da irin wannan aljihu. Mayaƙan Husi sun kama Sana'a a Satumba 2014, rundunar ƙawance da Saudiyya ke jagoranta ta shiga yaƙin a Maris 2015. Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tabbatar cewa 'yan Husi sun binne nakiyoyi masu ɗimbin yawa a Ta'iz da Hudaida da Ma'rib da Jauf, har da waɗanda aka yi wa siffar dutse don su saje da ƙasa. Sun kuma tabbatar cewa jiragen ƙawance sun jefa bam mai 'ya'ya, watau babban bam da ke buɗewa a sama ya watsa ƙanana masu yawa. A Disamba 2016 Saudiyya ta amsa cewa an yi amfani da irin wannan bam ƙirar Ingila, ta ce ta daina.

A Yuni 2018 Cibiyar Agaji ta Sarki Salman ta kafa shirin da ake kira Masam don kwashe nakiyoyi a Yaman. Ta fara da dala miliyan 40, daga nan kuma kowace shekara akan sabunta aikin da dala miliyan 30 ko fiye. Shirin ya fara da ayari 32, ma'aikatan Yamalawa ne, ƙwararru daga waje suna horar da su. A Janairu 2019 biyar daga cikin ƙwararrun suka hallaka a Ma'rib, sa'ad da nakiyoyin da suke ɗauke da su a mota za su je tarwatsawa suka tashi. A 2025 shirin ya ba da sanarwar cewa abin da ya cire, nakiya da bam da harsashi, ya wuce 500,000. In aka yi lissafi a dunƙule, shekara bakwai sun ci sama da dala miliyan 200, watau kowane guda ya tashi a kan dala 400 ko fiye, daidai da ƙiyasin da aka yi tun shekaru talatin da suka wuce. Wani abin lura shi ne, bayan tsagaita wutar da aka yi a Afrilu 2022, waɗanda nakiya ke kashewa a waɗansu yankuna ƙaruwa suka yi, saboda jama'a sun ji shiru sun kama hanyar gida. Ambaliyar damina kuma takan kwashe nakiya daga inda aka shata ta kai ta inda ake zaton lafiya.

Bashin da ba ya tsufa

Wanda yake zaton aikin na shekara biyar ne ko goma, sai ya dubi Turai. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, amma har yanzu duk shekara garmar manoman arewacin Faransa da Beljiyam tana tono harsasan igwa, su jera su a bakin gona, motar hukuma ta bi ta kwashe. A Jamus kowace jiha tana da masu kwance bam na dindindin saboda ragowar Yaƙin Duniya na Biyu. A Yuni 2010 uku daga cikinsu suka mutu a birnin Gottingen. A Satumba 2017 sai da aka fitar da mutum wajen 60,000 daga gidajensu a Frankfurt, har da marasa lafiya na asibiti, kafin a kwance bam guda da jirgin Ingila ya jefa. A Yuni 2025 an kwashe mutum wajen 20,000 daga tsakiyar birnin Kolon saboda bam uku na Amurka.

A ƙasar Lawos da ke kudu maso gabashin Asiya, jiragen Amurka sun zuba bam fiye da tan miliyan biyu tsakanin 1964 da 1973. A ciki akwai ƙananan 'ya'yan bam wajen miliyan 270, an kuma ƙiyasta cewa wajen miliyan 80 ba su tashi ba. Da Shugaba Barack Obama ya ziyarci ƙasar a Satumba 2016 ya yi alkawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku, amma abin da aka share har yanzu ɗan kaɗan ne daga cikin abin da ke kwance. A Masar ma, hamadar El Alamein, inda sojan Ingila suka kara da na Jamus da Italiya a 1942, tana nan da nakiyoyi miliyoyi, Larabawan daji ne kuwa ke ɗanɗana kuɗarsu.

A Nijeriya da Nijar da Sudan

Yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a Janairu 1970. Shekara 47 bayan haka, a Oktoba 2017, gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ƙungiyar ECOWAS za ta biya naira miliyan dubu 88, watau miliyan dubu 50 diyya ga waɗanda ragowar makaman yaƙin suka raunata, miliyan dubu 38 kuma don kwashe sauran bama-bamai da gyaran wuraren da abin ya shafa. Haka kuma ba a manta da ran 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas ya kama da wuta. Mutum sama da 1,000 suka mutu, mafi yawansu a cikin wani magudanar ruwa da suka afka suna gudu. Bama-baman da suka warwatsu a ranar ba su ƙare ba, sai ga shi a Oktoba 2023, bayan shekara 21, rundunar soja ta sake buɗe aikin share barikin, aka kuwa tono ɗaruruwa.

A arewa maso gabas abin ya fi muni, don kuwa ana sharewa ne ana sake binnewa. Tun 2018 sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi yake aiki daga Maiduguri, galibi wajen wayar da kan jama'a da horar da jami'ai, kwancewar kuwa tana hannun soja da 'yan sanda. A ƙarshen Afrilu 2025 wata mota ta taka nakiya tsakanin Rann da Gamborun Ngala, mutum 26 suka riga mu gidan gaskiya. Talauci kuma ya buɗe wata ƙofa. Tsohon ƙarfe kuɗi ne, yara da 'yan gwangwan suna shiga kangayen garuruwa suna tsinta, ba su san harsashin igwa daga guntun bututu ba. Gwamna Babagana Zulum ya hana wannan sana'a a Jihar Barno a Yuli 2023, amma a Janairu 2024 wani abu da aka tsinto cikin ƙarafa ya tashi da almajirai a Gubio. Ƙarfen kuwa tafiya yake yi. A Yuni 2025 wani abu ya fashe a wajen sauke tsofaffin ƙarafa a gefen birnin Kano, mutum biyar suka mutu, 'yan sanda suka ce bam ne irin na soja da ya biyo lodin mota daga Jihar Yobe. Kano ba fagen fama ba ce, amma ragowar yaƙin ta iske ta har gida.

A Jamhuriyar Nijar, lokacin tawayen da aka yi a arewa daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyin mota a hanyoyin yankin Agadas, fatauci da yawon buɗe ido suka tsaya cik. A Disamba 2007 nakiya ta tashi a cikin Maraɗi da Tawa, a Janairu 2008 kuma ta kashe Abdou Mahamane, shugaban wani gidan rediyo mai zaman kansa, a unguwar Yantala ta birnin Yamai. Gwamnati da 'yan tawaye kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Can kuma Madama, kusa da iyakar Libiya, akwai nakiyoyi ƙirar Faransa kewaye da tsohon sansanin soja. Filin ba shi da girma, amma nisa da zafi da rashin kuɗi sun sa Nijar ta yi ta neman a ƙara mata wa'adin share shi.

Sudan, inda Hausawa suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a kan tsohuwar hanyar hajji, ta yi ƙoƙari ƙwarai. Tsakanin 2016 da 2018 an bayyana jihohin Gadarif da Bahar Maliya da Kasala a matsayin waɗanda aka gama share sanannun filayen nakiyarsu. Sai yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, wannan karon a tsakiyar babban birni. Da soja suka karɓe Khartum a Maris 2025, masu komowa suka tarar da rokoki da harsasai a cikin ɗakuna da makarantu da asibitoci. Share birni ya fi share gona tsada nesa ba kusa ba, gama ɓaraguzan gini cike suke da rodi, na'urar gano ƙarfe ba ta da amfani a wurin, sai an ɗaga su kaɗan-kaɗan ana dubawa.

Wa zai biya?

Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma dokar duniya ba haka ta tsara ba. Yarjejeniyar Ottawa, wadda aka sa wa hannu a Disamba 1997 ta fara aiki ran 1 ga Maris 1999, ta haramta nakiyar mutum, ta kuma ɗora wa kowace ƙasa nauyin share yankin da ke hannunta cikin shekara goma, ko wane ne ya binne. Abin da ta nema daga ƙasashe masu hali shi ne su taimaka. Ƙasashe sama da 160 ne suka shiga, cikinsu har da Yaman da Nijar da Nijeriya da Sudan. Amurka da Rasha da Sin da Masar da Saudiyya ba su shiga ba. Wata ƙa'ida da aka ƙulla a Janeba a 2003 ta ƙara da cewa wanda ya harba makaman ya ba da bayanin inda suka faɗa, ya kuma taimaka gwargwadon iko, amma ba ta tilasta masa biyan ko kwabo ba. A 2008 aka ƙulla ta haramta bam mai 'ya'ya.

Ma'anar wannan ita ce aikin ya dogara a kan kyauta, kyauta kuwa takan bi inda hankalin mai bayarwa yake. A 2023 ƙasashe masu ba da taimako sun ba da wajen dala miliyan 800 don wannan aiki a duniya baki ɗaya, kaso mafi tsoka ya tafi Yukren. A wannan shekara Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa share Yukren ita kaɗai zai ci sama da dala miliyan dubu 37. A Afrilu 2024 wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kwashe ɓaraguzan Gaza da bama-baman da ke ciki zai iya ɗaukar shekara 14, yaƙin kuwa bai tsaya a nan ba. A Janairu 2025 Amurka, wadda ta fi kowa ba da kuɗin, ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, ayarin ma'aikata da yawa suka ajiye kayan aiki na wani lokaci. A wannan shekara kuma Polan da Finlan da Istoniya da Latbiya da Lituweniya suka ba da sanarwar ficewa daga Yarjejeniyar Ottawa saboda tsoron Rasha.

To, amma barin aikin ma yana da nasa kuɗi. Rahoton shekara-shekara na ƙungiyoyin yaƙi da nakiya ya ƙirga mutum 5,757 da aka kashe ko aka raunata a 2023, kashi 84 cikin ɗari farar hula ne, fiye da sulusin farar hular kuma yara. Yaron da ya rasa ƙafa sai an canza masa ta roba duk bayan wata shida zuwa shekara muddin yana girma, babba kuwa duk bayan 'yan shekaru har ƙarshen rayuwarsa. Gonar da ake tsoron shiga ba ta ba da hatsi, mai ita yana sansanin gudun hijira ana ciyar da shi. Jita-jitar nakiya guda ta isa ta rufe hanyar kasuwa shekara da shekaru.

Inda aka ci nasara

Duk da haka aikin yana ƙarewa in an dage. Mozambik, wadda yaƙin neman 'yanci da na basasa suka cika da nakiya, ta ba da sanarwar gamawa a Satumba 2015 bayan fiye da shekara ashirin. Tsibiran Falkland, inda Ajantina da Ingila suka yi yaƙi a 1982, an gama share su a Nuwamba 2020, mafi yawan ma'aikatan kuwa 'yan Zimbabwe ne da suka ƙware a ƙasarsu. Ƙasashe wajen 30 ne suka sauke wannan nauyi zuwa yanzu.

An kuma koyi hanyoyin rage tsada. Mafi muhimmanci shi ne kyakkyawan bincike tun farko, saboda an gano cewa mafi yawan filin da ake tsoro babu kome a ciki, kuma sakin fili ta hanyar tambaya da gwaji ya fi tona shi araha ƙwarai. Ana amfani da motoci masu sulke su sassabe daji, da karnuka masu sansano albarushi. Wata ƙungiyar Beljiyam mai suna APOPO tana horar da gafiya, wadda waɗansu ke kira burgu, a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya. Gafiya ba ta da nauyin da zai ta da nakiya, kuma ƙamshin albarushi take bi, ba ruwanta da ƙusa ko murfin kwalba. In ta ji sai ta karci ƙasa, a ba ta ayaba ko gyaɗa. Wani da aka sa wa suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a Kambodiya, har aka ba shi lambar zinariya a 2020. Haka nan horar da 'yan ƙasa, maza da mata, ya fi ɗauko ƙwararru daga waje sauƙi, albashin kuma a garin yake zama.

Kafin ma'aikata su iso, abin da ya rage wa jama'a shi ne kiyayewa, ita kuwa ba ta cin ko anini. Duk wanda ya ga baƙon ƙarfe a gona ko a kango, kada ya taɓa shi, kada ya jefe shi da dutse, kada ya sa masa wuta ko ya jefa shi rijiya. Ya koma ta sawun da ya zo, ya sa alama daga nesa, ya sanar da mai gari ko 'yan sanda ko soja. Mai komawa garin da aka yi faɗa ya tambayi waɗanda suka riga shi hanyar da ake bi, ya tsaya a kanta, ya kuma hana yara tsince-tsince. Mazauna Jidda da sauran biranen ƙetare, waɗanda suke aika wa dangi kuɗin gyaran gida da na iri, suna iya haɗawa da wannan gargaɗi duk sa'ad da suka buga waya, su kuma tambaya ko an duba filin kafin a sa fartanya.